Yadda Ake Yi wa Yara Kayan Wasa da Takarda: Kwale-kwale, Jirgi, Fanka da Kwaɗo

Dogon hutun makaranta a Kano yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa kan tsare yara a gida wuni guda. In ba a ba su abin yi ba, ko dai su ishi kowa da rigima, ko su maƙale wa wayar babba har caji ya ƙare. Kayan wasan roba na kasuwa kuwa ga tsada ga saurin karyewa. Abin da zan nuna a nan ba ya cin ko sisi: takardar da aka gama amfani da ita ce, sai hannu da ɗan haƙuri. Na daɗe ina yin waɗannan abubuwa tare da 'yan firamare da yaran gida, kuma wanda bai taɓa yi ba, uwa ce ko uba ko yaya ko malamin aji, zai iya koyon su a yammaci ɗaya.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, duk aikin a kan ninkin farko yake tsaye. In ya karkace ko da kaɗan ne, kowane ninki da ya biyo baya ƙara karkacewar zai yi, har ka kai ƙarshe jirgi ya ƙi tashi ba ka san daga ina matsalar ta fito ba.

Kayan da za ka tanada

Takarda. Wadda ta fi dacewa ita ce farar takardar fotokwafi da ake kira A4, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. Ba sai ka sayi sabuwa ba. Ka leƙa shagunan fotokwafi da ke kusa da makarantu da ma'aikatu, irin na kewayen Jami'ar Bayero ko sakatariyar Audu Bako, ka roƙi waɗanda inji ya ɓata. Tsofaffin littattafan rubutu na zangon da ya wuce ma suna yi: ka buɗe tsakiyar littafin, ka ɗaga ɗan ƙarfen da ya riƙe shi, ka zaro falle biyu a haɗe. Jarida ta fi kyau da hula. Tsohuwar kalanda da katin gayyatar biki da bangon littafi kuma a ajiye su gefe, kwaɗo da fanka za su buƙace su.

Kafin ka miƙa wa yaro kowace takarda, ka juya ta ciki da baya ka karanta. A garin nan sau da yawa in ka ɗauki katin ɗaurin aure ko kalanda za ka ga Bisimilla ko aya a samansu, jaridu ma suna da shafin addini, balle littattafan Islamiyya. Abin wasa ƙasa yake faɗuwa, a taka shi, ya ƙare a shara ko a kwata. Duk takardar da ke da sunan Allah ko aya ko hadisi ka ware ta, ka kuma gaya wa yaran dalili, domin gobe in ba ka nan su ware da kansu. Haka takardar da ke ɗauke da sunan wani da lambar wayarsa, ko sakamakon asibiti ko na jarrabawa. Ba daidai ba ne sirrin mutum ya riƙa yawo a lungu a jikin jirgin takarda. Wadda aka ƙunsa ƙosai ko tsire a ciki ita ma a bar ta, don mai ya kashe ta, ba ta riƙe ninki.

Sauran kayan ba su da yawa: almakashi, rula, fensir, fensirin kala, guntun kyandir, fil mai kai irin na teloli, da sillen kara. Reza kada ta shigo wurin ko kaɗan. In babu almakashi, akwai yadda ake yanke takarda tas da hannu, zan nuna a gaba.

Gam ba a buƙatarsa sai a wuri ɗaya ko biyu. In babu na kanti, ka dama cokali ɗaya na sitaci ko fulawa a rabin kofi na ruwan sanyi har gudaji su watse, ka ɗora a wuta kaɗan kana juyawa har ya yi kauri kamar koko, ka sauke ya huce. Kada ka dama da yawa, da zafin Kano kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami, kuma yana jawo kyankyasai. Ƙaro ya fi shi daɗewa, wanda ake sa wa tawada: ka jiƙa 'yan ƙwayoyi a ruwan ɗumi su kwana, da safe ka tace.

Sai wurin aiki. Dole ya zama mai tauri kuma sumul: tebur, benci, daɓen siminti da aka share, ko tiren abinci a kife a kan cinya. A kan katifa ko tabarma ninki ba ya fita.

Mataki na 1: Koyon ninki mai kyau

Motsi uku ne, kuma a jere ake yin su. Da farko ka kawo bakin takardar inda kake so ya tsaya, ka daidaita kusurwa da kusurwa, ba ka danna komai ba tukuna. Na biyu, ka dafe bakin da hannu ɗaya, ka sa yatsan ɗaya hannun ka gangaro tsakiyar wurin da ninkin zai zauna ka danna. Na uku, daga tsakiyar nan ka ja yatsa zuwa dama, ka dawo tsakiya ka ja zuwa hagu. Bayan haka ka bi layin da farce ko bayan cokali har ya kwanta sosai.

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi shi ne fara dannawa daga gefe ɗaya ya tafi ɗaya gefen. Takardar sai ta riƙa zamewa a gaban yatsa, kafin a kai ƙarshe baki ya goce. Na biyu shi ne ninkewa a sama, takarda na riƙe a hannu. A ajiye ta ƙasa tukuna.

Mataki na 2: Fitar da murabba'i da yanka ba almakashi

Fanka tana son takarda mai gefe huɗu daidai wa daida. Ka ajiye A4 a tsaye, ka kamo kusurwar sama ta dama ka kawo ta hagu, har bakin sama ya kwanta a kan bakin hagu tsaf. Za ka ga alwatika a sama da wani ɗan siririn saura a ƙasa. Ka ninke sauran nan sama a kan gindin alwatikar, ka bi da farce, ka juya takardar ka sake ninke layin ta baya, ka sake bi. In ka yi haka sau biyu ko uku layin ya yi laushi. Ka ɗan shafa masa jiƙaƙƙen yatsa, ka shimfiɗa takardar, ka dafe kowane ɓangare da tafin hannu ka ja su a hankali suna rabuwa. Ka buɗe alwatikar, ga murabba'inka mai santimita 21 kowane gefe. Sauran da ka cire kada ka yar, shi za mu yi kwaɗo da shi.

Mataki na 3: Mafici, domin ƙanana

Yaro ɗan shekara uku ko huɗu da wannan zai fara. Ya fara yi wa takardar zane da kala yadda ya ga dama. Sannan a ninke bakinta kamar faɗin yatsa biyu, a juya ta, a sake ninkewa daidai faɗin na farko, a juya, a ninke, har ta ƙare. A matse gindin a ɗaure da zare, a baza saman. In ana son mai zagaye, a ninke doguwar a tsakiya, a manne fuskokin biyu da suka haɗu da gam. Ba wani abu ba ne babba, amma a nan hannun yaro yake koyon juyawa da dannawa, kuma in an ɗauke wuta zai yi amfani da shi da gaske.

Mataki na 4: Hula da kwale-kwale

Aiki ɗaya ne, hula ce rabin hanya.

1. Ka ajiye A4 a tsaye, ka ninko bakin sama ya haɗu da na ƙasa. Rufaffen gefen ya zauna a sama, buɗaɗɗen yana kallon cikinka. Ka tabbatar da wannan kafin ka ci gaba, domin in ka juya shi, abin ba zai buɗe ba a gaba.

2. Ka ninke daga hagu zuwa dama ka ɗan danna, ka buɗe. Layin tsakiya kawai muke nema.

3. Ka sauko da kusurwar sama ta dama zuwa layin tsakiya, ta hagu ma haka, bakinsu ya haɗu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Yanzu akwai tsini a sama, da leɓe biyu a ƙasa, ɗaya a kan ɗaya.

4. Ka ɗaga leɓen da ke sama ka ninke shi a kan gindin alwatikar. Ka juya takardar, ka yi wa ɗayan haka. 'Yan kunnuwan da suka leƙo a gefe ka lanƙwasa su su rungumi alwatikar.

In ka tsaya a nan, hula ka yi. Ta A4 sai dai kan 'yar tsana; in kan yaro kake so ta shiga, da cikakken fallen jarida za ka yi, ka ɗan sa gam a kunnuwan.

5. Ka zura manyan yatsunka biyu cikin hular ka buɗe ta, ka ci gaba da buɗewa har ƙarshen dama da na hagu su haɗu. Ka kwantar ka danna. Ta koma ƙaramin murabba'i, tsaye a kan kusurwa, bakinsa a ƙasa.

6. Ka ɗaga kusurwar ƙasa, falle na sama kaɗai, ka kai ta kusurwar sama. Ka juya, ka yi wa ɗayan haka. Ka sake samun alwatika, ƙarama.

7. Ka sake zura yatsu ta ƙasa ka buɗe, ƙarshe da ƙarshe su haɗu, ka kwantar.

8. A kusurwar sama za ka ga baki biyu da suke rabuwa. Ka kama su ka ja waje a hankali, ɗaya dama ɗaya hagu. Kwale-kwalen zai buɗe da tsininsa a tsakiya.

Wannan buɗewa ta ƙarshe ka bar wa yaro ya yi da hannunsa ko da kai ka yi sauran, don ita ce daɗin abin. Bayan nan ka sa yatsa a ramin da ke ƙasansa ka ɗan faɗaɗa, shi ke sa ya zauna a kan ruwa bai kife ba.

Takarda mai kauri ba ta yin kwale-kwale, saboda kowane ninki yana ninka kaurin, kafin a kai lamba ta 7 a jerin nan na sama ta ƙi lanƙwasuwa ko ta tsage. Jarida kuma da ta taɓa ruwa ta narke. Ta fotokwafi ce tsaka-tsaki. In kana so ya daɗe yana yawo, tun kafin ka fara ninki ka goge takardar da kyandir ciki da baya har ta yi santsi. Ruwa ba ya kama kakin.

A ina za a sa shi? A baho ko babbar roba a tsakar gida, babba na zaune a wurin. Ina roƙon iyaye a kan wannan. Yaro in ya riƙe kwale-kwale, ruwa mai gudu yake nema, kuma a watan Agusta kwatocin unguwanni cika suke su batse, ga kududdufai sun kawo. A gaya musu ƙarara cewa ba a kai shi kwata, ba a bin sa in ruwa ya ja shi. Ko a gida ma, mai rarrafe ko mai koyon tafiya yana iya faɗawa cikin bokiti da ɗan ruwa kaɗan ya kasa ɗagowa. An gama wasa, a zubar da ruwan a kife bahon.

Mataki na 5: Jirgin sama mai dakusasshen hanci

Kowane ɗan makaranta ya san jirgin nan mai tsinin baki da ake yi da fallen littafi. Ba shi nake koyarwa ba, don tsininsa yana iya samun idon wani, kuma da ya daki bango sau biyu hancin ya lanƙwashe. Wannan da zan nuna ya fi shi daɗewa a sama, ya fi shi ƙwari.

1. A4 a tsaye. Ka ninke ta a tsawonta, hagu zuwa dama, ka bi da farce, ka buɗe. Wannan layi shi ne ƙashin bayan jirgin, ka ba shi lokacinsa.

2. Ka sauko da kusurwoyin sama biyu zuwa layin tsakiya.

3. Ka kamo tsinin ka ninko alwatikar gaba ɗaya ƙasa, daidai gindinta, tsinin ya sauka a kan layin tsakiya. Yanzu ta yi siffar ambulan.

4. Ka kamo sabuwar kusurwar sama ta dama ka kawo ta layin tsakiya, ta sauka kamar faɗin yatsa biyu a saman tsinin nan. Kusurwar kaɗai ce za ta taɓa layin, ba dukan bakin ba. Ta hagu ma ta zo ta same ta a wuri ɗaya. In ka yi daidai, saman jirgin zai zama a daƙushe, ɗan ƙaramin tsini kuma yana leƙowa a ƙarƙashin kusurwoyin biyu.

5. Ka ɗaga ɗan tsinin nan sama ka danne kusurwoyin da shi. Shi ne makullin da ke hana jirgin warwarewa.

6. Ka ninke jirgin biyu ta baya, makullin ya zauna a waje. In ka ninke shi ya shige ciki, kulle bai yi ba, ka buɗe ka juya.

7. Ka sauko da fiffike ɗaya har bakinsa ya yi daidai da bakin ƙasa na jirgin, ka danna. Ka juya ka yi ɗayan, ka duba sun hau juna daidai.

8. Ka buɗe fukafukan, ka ɗan ɗaga su sama kaɗan, yadda in ka kalle shi ta baya zai yi siffar harafin Y.

Wurin jifa, ka riƙe shi ta ƙasa daidai makullin, inda nauyinsa yake. Ka tura shi gaba a miƙe, a hankali. Yara suna son su wurga da iya ƙarfinsu zuwa sama, shi kuwa wannan jirgi lallaɓawa yake so. In a ɗaki ne, a kashe fankar sama.

Da wuya jirgi ya tashi daidai a jifan farko, kuma a nan yara da yawa suke dunƙule shi su yar. Ka hana su, ka nuna musu gyara, domin rabin ilimin a gyaran yake. In yana kifa kai ya daki ƙasa, ka ɗan lanƙwasa bakin bayan fukafukan biyu sama, kamar faɗin farce. Iska za ta danna wutsiya, hanci ya ɗago. In yana cilla sama ya tsaya cak ya faɗo, lanƙwasar ta yi yawa, ka rage ta, in kuma bai daina ba ka maƙala masa ɗan ƙarfen riƙe takardu a hanci. In yana karkata gefe ɗaya, ka ɗaga shi daidai fuskarka, ka rufe ido ɗaya ka kalle shi ta hanci: za ka ga fiffike ɗaya ya fi ɗaya sauka ko ya murɗe. Ka gyara abu ɗaya, ka jefa, ka gani, sannan ka taɓa na gaba.

Manyan yara suna jin daɗi in aka gaya musu cewa a duniya har gasa ake yi a kan wannan. A shekarar 2010 wani ɗan Japan, Takuo Toda, ya jefa jirgin takarda ya yi daƙiƙa 29.2 a sama kafin ya sauka, a 2022 kuma a Amurka aka jefa wani ya yi tafiyar mita 88. Ka ba su agogon waya su auna nasu, ko su ƙirga taku daga inda aka tsaya. Sai dai a kafa doka tun kafin a fara: ba a saita fuskar kowa, kuma jirgin da ya hau rufin kwano ko ya maƙale kusa da wayar wuta ya tafi kenan, a yi wani.

Mataki na 6: Fanka mai juyawa

Wannan ita ce ta hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kaɗawa ba sai yaro ya yi gudu ba. Takardar kalanda mai sheƙi ta fi kyau, ga launi ga ɗan ƙarfi. Murabba'i mai santimita 15 ya isa. In ya fi 21 fukafukan sukan yi nauyi su langaɓe.

1. Ka ninke murabba'in kusurwa zuwa kusurwa, ka buɗe, ka yi ta ɗaya ɓangaren. Layi biyu sun gitta juna a tsakiya.

2. Daga kowace kusurwa ka yanka a kan layin zuwa tsakiya, amma ka tsaya saura faɗin yatsa biyu. Gara ka sa ɗigo da fensir a inda za ka tsaya, don in almakashi ya zarce, tsakiyar ba ta da abin riƙewa.

3. Yanzu kana da tsini takwas. Ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya, ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Huɗun da ka ɗauka ka lanƙwaso su tsakiya, bakin kowane ya ɗan wuce tsakiyar kaɗan. A nan ba a dannawa. Kumburin nan shi ke kama iska, in ka kwantar da shi fanka ta mutu.

4. Ka yanko ɗan kwali mai zagaye kamar girman kwabo ka ɗora a kan bakunan huɗu. Ka soka fil ta cikin kwalin, ya ratsa bakunan, ya fita ta tsakiyar takardar. Ka ɗan jujjuya fil ɗin ramin ya saki.

5. Ta baya ka zura ƙwayar dutsen kwalliya ɗaya, sannan ka soka fil ɗin a jikin sillen kara, kusa da samansa. Dutsen ne ke hana takarda gogar karan. In babu, ɗan guntun bututun shan lemo ya wadatar.

Kada ka danna fil har ya matse. Ka bar ɗan sarari, ka hura ta gefe ka gani. In ba ta juya ba, ɗayan biyu ne, ko matsi ko fiffike na taɓa kara. Sukar fil aikin babba ne. In bakinsa ya ɓullo ta bayan karan, ka lanƙwasa shi da filaya ko ka soka masa guntun robar goge fensir. A cikin gari ba kullum ake samun kara ba, sai wajen masu sayar da shi ko bayan girbi. In ya gagara, fensir mai roba a gindi yana yi, a soka fil ɗin a robar. Yaron da har yanzu yake kai abu baki kada a ba shi fanka, saboda fil da dutsen.

Mataki na 7: Kwaɗo mai tsalle

Shi ya fi sauran wuya, sai 'yan shekara takwas zuwa sama. Ka ɗauko sauran takardar da ka ajiye a mataki na 2, ka rage tsawonta ya dawo kamar santimita 15. Da ita za ka koya, in hannu ya faɗa sai ka yanko kati ko bangon littafi daidai wannan girma, domin mai ɗan kauri ya fi tsalle nesa ba kusa ba.

1. A tsaye. Ka kawo kusurwar sama ta dama zuwa bakin hagu, ka danna, ka buɗe. Ka kawo ta hagu zuwa bakin dama, ka danna, ka buɗe. Akwai alamar X a sama.

2. Ka juya takardar, ka ninko saman a kwance daidai inda layukan suka gitta, ka buɗe, ka sake juyo ta.

3. Ka danna tsakiyar X da yatsa, ka turo gefen dama da na hagu ciki su haɗu, saman zai sauko da kansa. Ka kwantar da shi ya zama alwatika. Nan ne wurin da ake maƙalewa. In ya ƙi, kusan kullum juyawar da ke lamba ta 2 a nan sama aka manta, layin kwance ya karye ta inda bai kamata ba.

4. Alwatikar tana da kunne biyu a sama. Ka ɗaga kowane zuwa tsini, ka ɗan karkata shi waje. Ƙafafun gaba kenan.

5. Ka ninko gefen dama da na hagu na sauran jikin su haɗu a tsakiya.

6. Ka ɗago bakin ƙasa har ya kai tsini, ka danna sosai. Sannan ka mayar da rabin abin da ka ɗago ƙasa, ka danna. Wannan ninki mai hawa biyu shi ne ƙafafun baya.

7. Ka juya shi, a zana masa idanu.

Ka sa ɗan yatsa a ƙarshen bayansa ka danna, ka bar yatsan ya zame baya. In ka ɗaga yatsan sama maimakon ka zame shi, ba zai motsa ba. In yana wuntsilawa ya faɗi rigingine, dannawar ta yi ƙarfi ko yatsan ya shiga tsakiyar baya da yawa. In ya gaji ya daina tsalle, ka ɗan buɗe ninkin bayan da yatsa ya sake tashi.

In yara da yawa za ka koya wa

Kada ka tsaya gabansu kana fuskantarsu, domin damarka hagunsu ce, za su riƙa yin komai a juye. Ka zauna a gefensu, ko ka juya musu baya ka ɗaga takardar sama da kanka. Ka yi da babban fallen jarida kowa ya hango. Ninki ɗaya, ka tsaya, kowa ya ɗaga nasa ka gani, sannan a wuce. Abu ɗaya a zama ɗaya ya isa.

In na wani ya karkace, ka daure kada ka karɓe ka gyara masa. Ka ɗauki wata takardar ka sake yin ninkin a gabansa, shi ya gyara nasa. Wanda ya riga kowa ganewa ka ce masa, "To Yaya, zauna kusa da ƙaninka ka nuna masa, amma kada ka taɓa tasa." Kowa ya rubuta sunansa a jikin abinsa tun kafin a fara jifa, in ba haka ba rigimar "nawa ne" za ta cinye sauran lokacin. Sai dai mai suna irin Abdullahi ko Abdurrahman ya sa harafin farko kawai ko ya zana wata alama, tunda abin ƙasa zai faɗi. Guntayen takarda kuma a tara su a kwali ɗaya kafin a tashi, fil ɗin a ƙirga su kamar yadda aka ƙirga su da farko, kada ɗaya ya saura a ƙasa inda ake tafiya ba takalmi.